MASU GIDA A GIDAN WANI



Ran 21 ga watan Maris 2025 'yan tamaular ƙasarmu, watau Mena, suka kara da Maroko cikin wasannin neman zuwa gasar kofin duniya. A takarda an rubuta Nijar ce mai masauki, Maroko ce baƙuwa. To, a ina aka yi wasan? A Ujda, wani gari na ƙasar Maroko kusa da iyakar Aljeriya. Mu ne masu gida, amma fili nasu, ciyawa tasu, masu tsaron ƙofa nasu, 'yan kallo nasu. Yaranmu ne suka fara ci, Maroko ta rama, sa'an nan ta ƙara ɗaya dab da tashi, aka tashi 2 da 1. Mu kuwa muna nan Yamai, mun kewaye akwatin talabijin a fada, shayi ya huce a hannunmu.

Kada wani ya ce tsautsayi ne na rana ɗaya. A watan Yuni 2022 mun karɓi Tanzaniya a Kwatano. A watan Maris 2023 mun karɓi Aljeriya a ƙasar Tunisiya, maƙwabciyarta. A watan Nuwamba na shekarar nan mun ci Zambiya 2 da 1 a Marakesh. A watan Nuwamba 2024 mun yi wa Sudan 4 da babu a Lome. Ƙwallo huɗu, jama'a! Da a Yamai aka yi wannan, da ba wanda ya yi barci daga Yantala har Talaje. Amma aka yi shi a bakin teku, gaban mutanen da ba ruwansu da mu.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Hukumar ƙwallo ta Afirka, wadda ake kira CAF, ta duba babban filinmu na Janar Saini Kunce, ta ce bai cika sharuɗɗan manyan wasanni ba. Filin nan mutanen Sin ne suka gina shi, aka buɗe shi a 1989, yana cin mutum wajen 35,000. A 2023 mun sake taken ƙasa, muka ajiye wanda wani Bafaranshe ya rubuta mana kalmominsa a 1961, muka ɗauki namu. Madalla. Amma ku tambayi kanku inda aka yi ta rera sabon taken a wasannin da na lissafa. A ƙarshen 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar nan, a 2024 na Amurka suka bi baya, amma tutarmu tana yawon neman masauki ƙofa ƙofa kamar almajirin da dare ya yi wa.

Na ji wasu a majalisar shayi suna cewa makirci ne, wai CAF ba ta ƙaunarmu, wai hannun Nasara ne a ciki. Ni ba na cikin masu wanke Nasara, kowa ya san wannan, kuma zan zo kan rabonsu a gaba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da masu duba fili suke nema ba asiri ba ne: ciyawa shimfiɗaɗɗiya wadda ƙafa ba za ta karye a kanta ba, fitilu masu isasshen haske domin wasan dare, kujera ga kowane ɗan kallo, ɗakin sake tufa mai ruwa, ɗakin likita, wurin 'yan jarida, makewayi mai tsabta, da ƙofofin da jama'a za su fita ba tare da an tattake wani ba. Wanne daga ciki ne makirci? Wace ƙasar waje ce ta hana mu gyara famfo? Kuma ba mu kaɗai aka yi wa hukuncin ba. Filin 4 ga Agusta na Wagadugu ya sha irinsa tun 2021, 'yan'uwanmu na Burkina ba su tsaya zagi ba, suka gyara, suka sake buɗe shi a 2025.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ba baƙin karɓar baƙi ba ne. Bari in tuna muku, don mantuwa ita ce babbar cutarmu.

Daga 7 zuwa 17 ga Disamba 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci, karo na biyar, har da gasar tamaula wadda Kodebuwa ta ci. Ni a lokacin ina ƙaramin yaro, amma iyayenmu ba su manta da shekarar ba. Fari da fara sun cinye amfanin gona a 2004, yunwa ta shiga ƙasar Maradi da Damagaram da Tawa, yara suna mutuwa a wuraren ba da abinci, gwamnatin Tanja Mamadu kuwa tana musun kalmar yunwa. A watan Maris na shekarar nan jama'a suka rufe kasuwanni da shaguna saboda harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora wa kayan masarufi. Cikin wannan hali aka gina rukunin gidajen saukar baƙi, wanda har yau unguwar take amsa sunansa, aka share tituna, aka yi biki. Baƙi suka yaba, suka tafi. A watan Maris 2025 ƙasarmu ta fice daga ƙungiyar nan baki ɗaya. Shekara ashirin, ba a taɓa zaunar da talaka an ce masa ga abin da bikin ya ci, ga abin da ya bari ba.

A 2010 mun karɓi gasar ƙasashe takwas masu kuɗin sefa na yammacin Afirka, kuma mu muka ci kofin a nan gida. A watan Oktoba na shekarar nan Musa Ma'azu ya jefa wa Masar ƙwallo ɗaya a filin Saini Kunce, Masar ɗin da ta ci kofin Afirka sau uku a jere. Daga nan ne hanya ta buɗe, muka je gasar Afirka ta 2012 a ƙarƙashin Haruna Dula, ɗan ƙasa, muka koma a 2013. Duk wanda ya bi wasannin neman shiga gasar 2012 ya san da wasannin gida muka wuce: Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu duk a Yamai suka faɗi, a waje kuwa ba mu samo komai ba. Rana tamu ce, ƙura tamu, ihu namu. Wanda ya bari fili ya lalace, makamin nan ya karɓe daga hannun yaranmu.

Sa'an nan 2015, gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17, daga 15 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris. A nan dole in yi adalci. Wata ɗaya kafin gasar an yi tarzoma a Damagaram da Yamai, an ƙone majami'u, an rasa rayuka. Kwana tara kafin buɗewa, ran 6 ga Fabrairu, Boko Haram ta kawo hari Boso da Difa. Da yawa sun zaci za a ɗauke gasar. Ba a ɗauke ba. Ƙasa takwas suka zo, aka yi wasa a babban fili da filin gari, aka gama lafiya, Mali ta ci Afirka ta Kudu 2 da babu ta ɗauki kofi. Sojanmu da jandarmominmu da masu shara da direbobi sun fid da ƙasa kunya, kuma wanda ya ƙi faɗin haka ba shi da gaskiya.

Ni ina cikin 'yan lakwal ɗin da aka kwasa wata rana domin cika kujeru a wasan da ba namu ba. An ba mu riga mai hoton gasa da ruwan leda guda, aka zaunar da mu a rana tun azahar, da aka tashi kuwa motar da ta kawo mu ba ta dawo ba, muka tako da ƙafa har gida. Ban yi fushi ba a ranar, don na ga abin da ban taɓa gani ba. Cikin yaran da suka taka ciyawar nan har da wani siririn yaro ɗan Najeriya, Victor Osimhen. Bayan wata tara shi da 'yan'uwansa suka ci kofin duniya na yara a ƙasar Cile, suka doke Mali a wasan ƙarshe, shi kaɗai ya jefa ƙwallo 10. A 2023 aka zaɓe shi gwarzon Afirka. Watau ƙasa biyu da suka kai ƙarshen gasar duniya, a Yamai suka yanki tike. Sai da na girma na gane abin da aka yi da mu a ranar: ba don mu koyi wasa aka kai mu ba, don kada hoton talabijin ya nuna fili wayam ne.

A 2019, daga 2 zuwa 17 ga Fabrairu, sai ga gasar 'yan ƙasa da shekara 20. A wannan karo an yi abu ɗaya mai kyau, an raba wasanni tsakanin Yamai da Maradi, har Maradawa suka ga Senegal da Gana da Mali da Burkina a ƙofar gidansu. Mali ta sake ɗaukar kofi bayan ta doke Senegal da bugun daga kai sai gola. Mu kuwa, kamar 2015, a zagayen farko muka tsaya. Mun dafa, mun zuba, baƙi sun ci sun side kwano.

Kuma ga rabon Nasara da na yi alkawari. Ku tuna sunan da aka manna a gaban gasar 2019 a kowane allo: Total, kamfanin man Faransa, wanda ya ƙulla yarjejeniyar shekara takwas da CAF a 2016. Tsarin irin wannan gasa haka yake. Mai masauki shi ne da gyaran fili da filayen horo, shi ne da tsaro, da motoci, da asibiti, da wutar lantarki. Sunan gasa da tallan da ke kewaye da fili da haƙƙin nuna wasa a talabijin kuwa suna hannun hukumar da abokan cinikinta. Wanda ya san haka ya shiga, to, lalle ne ya san abin da zai rage masa idan an watse, domin ba kuɗin ƙofa ne zai mayar masa da jarinsa ba. Ribar mai masauki ita ce fili da ya tsaya da ƙafarsa, da ma'aikatan da suka koyi aiki, da yaran da suka ga wasa suka ce su ma za su iya. In waɗannan uku suka zube, an yi asara ko da baƙi sun yi ta yabo.

To, sun tsaya ko sun zube? A watan Mayu 2022 mun sake karɓar gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta yankinmu, Najeriya ta doke Benin a wasan ƙarshe a nan Yamai. Ba a yi wata guda ba manyanmu suka ɗauki jaka suka nufi Kwatano karɓar Tanzaniya. Kun ji fa!

Ni a ganina cutar ita ce mu mutanen biki ne, ba mutanen kashegarin biki ba. In an ce baƙi za su zo, sai a kafa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙananan kwamitoci, kowane da shugaba da mataimaki da mota da takardar mai. Sai a yi ta fafe gora ranar tafiya, fenti bai bushe ba ana kaɗa ganga. Ran da jirgin baƙo na ƙarshe ya tashi, kwamiti ya watse, ba wanda aka bar wa ciyawa. Ciyawa kuwa a ƙasar nan ba ta san biki ba. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40, ruwa take so safe da yamma, da taki, da mai yanka ta, da wanda zai ce wa babban mutum, ranka shi daɗe, yau ba a hawa. Kogi yana nan cikin gari bai ƙafe ba. Ku dubi manyan otal ɗin da aka gina domin taron Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019. Me ya sa su ba a bar famfonsu ya toshe ba? Saboda kowane yana da mai shi, wanda in ɗaki ya lalace aljihunsa zai ji. Fili kuwa na gwamnati ne, watau a bakinmu na kowa ne, a aikace ba na kowa ba.

Mu ma 'yan siyasa da magoya baya muna da namu. A watan Agusta 2023 dubban mutane muka cika filin nan domin nuna wa duniya ba za mu yarda a kawo mana yaƙi ba. Na je, kuma in an sake zan koma. Ba taron ne ya jawo hukunci ba, hukunci ya riga shi. Amma fili ɗaya shi ne na taron siyasa, shi ne na mawaƙa, shi ne na wa'azi, shi ne na fareti, sa'an nan mu ce a zo a yi wasan duniya a kansa. Jakin da kowa ke hawa ba wanda ke ba shi dusa.

Yanzu bari in juya ga wasu dattawanmu, waɗanda nake girmamawa, masu cewa duk wannan surutu ne a kan wasan yara. Suna cewa ƙasar da ke fama da yaƙi a Tilaberi da Difa, wadda 'ya'yanta ke karatu a rumfar zana, ina ita ina tamaula? Baba, na ji, kuma ni ma a rumfar zana nake koyarwa. In zaɓi ne tsakanin buhun hatsi da fenti, kamar 2005, ina bayanku. Amma kada ku ce wasan yara ne, domin waɗanda suka ƙwato wa Afirka mulkin kai ba su ɗauke shi haka ba. A watan Fabrairu 1957 aka yi gasar Afirka ta farko a Hartum da ƙasa uku kacal, Masar da Sudan da Habasha. Ta huɗu, Afirka ta Kudu, an bar ta a waje saboda ta ƙi kawo ƙungiyar da ta haɗa baƙi da farare. A watan Afrilu 1958 'yan wasan Aljeriya, irin su Rashid Makhlufi da Mustafa Zituni, suka sulale daga Faransa suka bar albashi da suna, suka kafa ƙungiyar 'yan gwagwarmaya a Tunis, suka ɗaga tutar ƙasar da ba ta riga ta samu 'yanci ba. Kwame Nkrumah ya karɓi gasar Afirka a 1963 Gana ta ci. Afirka kuma ta ƙaurace wa gasar duniya ta 1966 a Ingila saboda an hana ta gurbi nata na kanta, har aka ba ta a 1970. Waɗannan mutane ba su da aikin yi ne?

Kuma kada a ce mana talauci ne. Burkina ta karɓi babbar gasar Afirka a 1998, Mali ta karɓa a 2002 a garuruwa biyar, Bamako da Kayes da Mopti da Segu da Sikaso. Su ma ba masu arziki ba ne. Ba ma sai mun leƙa waje ba. Tun 1975, da aka fara a Tawa, kokawar takobi take zagaya jihohin ƙasar nan. Kowace jiha tana jiran nata karo, mai sharhi yana magana da Hausa da Zabarmanci, tsohuwa a ƙauye tana bi a rediyo ta san sunan kowane ɗan kokawa da garinsu. Ba wanda ya taɓa kwasar 'yan lakwal don cika filin kokawa, sai dai a hana mutane shiga don wuri ya cika. Mun iya shirya gasa ƙwarai, in mun ɗauke ta tamu ce.

Saboda haka ni ban ce kada a sake neman gasa ba. A nema, har babbar ma wata rana. Tun Maris 2025 akwai ɗan ƙasar nan, Kanar Jibrilla Hima Hamidu, a majalisar hukumar ƙwallo ta duniya, ba za mu ce ba mu da baki a inda ake rabo ba. Amma jam'iyyarmu ta tsaya a kan cewa ba za a sa hannu a takardar neman wata gasa ba sai an fara rubuta, cikin kasafin kuɗin ƙasa, abin da za a kashe kowace shekara wajen riƙon kowane fili, da sunan ofishin da za a kama in ya lalace. Kuma in an gama gasa, cikin wata uku a buga lissafi, abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta shi a rediyo da harsunanmu. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, to, a fara da lissafin kuɗi, a nan ne talaka ya fi bukatar ya ji da kunnensa. A kai wasa Damagaram da Tawa da Agadas da Doso kamar yadda aka kai Maradi. Taron siyasa kuwa, har da namu, a nema masa wani dandali.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da ni. A gasar yara ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura domin a gane shekarun yaro, kuma da wannan gwaji ne aka kori Gana daga gasar 2015 tun kafin ta iso Yamai. A ajina akwai yaran da ba su da takardar haihuwa sam, in ka tambayi uba sai ya ce shekarar ambaliya aka haife shi. Da wace takarda za a kai irin wannan yaro gasa? Ga shi kuwa yaranmu sun nuna abin da za su iya. A 2016 'yan ƙasa da shekara 17 suka fid da Najeriya, mai riƙe da kofin duniya, da ci 3 da 1 a nan Yamai. A 2017 suka je gasar duniya a Indiya, suka ci Koriya ta Arewa, suka haye zagaye na biyu. Wasu cikinsu ba mamaki suna cikin masu rigar kyauta da ruwan leda a 2015.

Filin da yaran unguwarmu suke wasa a kai sa'ad da nake ƙarami an yanka shi gida gida an sayar, yau bene ne a wurin. Abin da ya rage shi ne farfajiyar lakwal ɗinmu, rabinta ƙaya ce da fasassun kwalabe, ƙwallonmu ɗaya ne ga yara fiye da yadda zan iya ƙirgawa a tsaye, shi ma an ɗinke shi sau uku. Na kai maganar gaban reshenmu na unguwa, an amince. Ranar Asabar bayan sallar asuba za mu haɗu mu share ta, mu kafa turaku. Mai manjagara ya zo da ita, mai baro ma haka, wanda ba shi da komai ya zo da buhu.

Naku,
Wani mushen lakwal, Yamai.